Kada Hoto Ɗaya Ya Zama Biyu a Ma'ajiyarku

Masu ɗaukar hoto, ku yi hattara a lokacin kwashe aiki daga kwamfuta zuwa ma'ajiyar situdiyo da ke kan hanyar sadarwa, wato NAS irin ta Synology. Mutum zai gama gyaran hotunan biki a Lightroom Classic, ya kwafe folda zuwa NAS, sannan ya sake shigo da ita cikin manhajar kamar sabon aiki. Sai hoton amarya ya fito sau biyu, ɗaya da gyara, ɗaya babu, ranar share-share kuma a rasa wanne za a bari.

Dalili shi ne Lightroom ba ya taɓa ainihin hoton RAW. Gyaran yana cikin kundinsa, wanda dole ya zauna a kwamfuta ko faifan waje, domin manhajar ba ta buɗe shi daga NAS.

Saboda haka, ku fara zaɓar hotunan duka ku danna Ctrl+S, gyaran zai shiga ƙananan fayilolin XMP a gefensu. Sai ku kwafe foldar, ku koma Lightroom ku nuna masa sabon wurinta. Kada ku sake shigo da ita. Na fi son wannan hanya a kan jan folda zuwa NAS kai tsaye a cikin Lightroom, don idan aka ɗauke wuta ana tsakar aiki, na asali yana nan. Sai kun gwada yawan fayiloli a ɓangarorin biyu kafin ku goge na kwamfuta.

Ku kuma sa kwanan wata a sunan kowane hoto tun wajen shigarwa, domin lambar sunan hoto a kyamarar Canon tana komawa 0001 bayan 9999, sai hotuna biyu su sami suna ɗaya.