ZAMA A ƘASAR WAJE KO ZAMA A GIDA: DA WANE MA'AUNI ZA A AUNA?

 

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa, a ƙofar masallaci da kuma cikin saƙonni: "Malam, na samu hanyar fita. In tafi ko in zauna?" Mafi yawan masu tambayar sun riga sun gama lissafinsu kafin su zo. Sun ɗauki albashin can sun buga shi da canjin yau, sun ga adadin da ya ruɗa su. Wannan lissafin ba ƙarya ba ne, sai dai akwai abubuwan da ba a sa a cikinsa ba, kuma su ne za a tambayi mutum a kansu ranar alƙiyama.

Mu fara da asali. Fita neman halali ba laifi ba ce. A aya ta 15 ta Suratul Mulk Allah Ya umarce mu mu yi tafiya a sassan ƙasa mu ci daga arzikinSa. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha a shekara ta 5 bayan aiko Annabi (SAW), ƙasar da sarkinta Kirista ne a lokacin, saboda ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib (RA) bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, lokacin buɗe Khaibara. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 543, ya raba tafiya gida biyu: ta gudu da ta nema. A cikin ta gudu ya sa wanda yake tsoron cutarwa a jikinsa da wanda yake tsoro a kan dukiyarsa. A cikin ta nema ya sa neman ilimi, da fatauci, da neman abin rufin asiri ga wanda abinci ya yi masa wuya a garinsu. Mu kuma Hausawa ba yau muka fara ba. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, kuma zangon Kumasi da na Ankara shaida ne.

Don haka ba na cikin masu cewa duk wanda ya fita ya bi duniya. Na san ɗakunan da aka rufa da kwano, da marayun da aka sa a makaranta, da iyayen da aka yi wa aikin ido da kuɗin ɗan da yake waje. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna abin da 'yan Najeriya mazauna waje suke turowa gida ya kai kusan dala biliyan 20 a shekara. Ga tsaro, ga wuta, ga asibitin da za ka je ka samu likita. Wanda ya kwana yana sauraron ƙarar babura a Zamfara ko kudancin Katsina, ba ni da bakin da zan ce masa kwanciyar hankali ƙaramin abu ne.

Abin da na lura shi ne, in an ce hukuncin zama a waje, hankalin kowa sai ya tafi Turai da Amurka. To, wannan magana malamai sun daɗe da yin ta. Malikiyya sun tsananta, musamman Wansharisi a fatawarsa game da Musulmin Andalus da suka rage a hannun Kiristoci. Mawardi daga Shafi'iyya ya sassauta ga wanda zai iya bayyana addininsa. Daga malaman zamani, Shaikh Ibn Usaimin ya shar'anta ilimin da zai kare mutum daga shubuha, da addinin da zai kare shi daga sha'awa, da buƙata ta gaske. Ƙasashen ma ba ɗaya ba ne. Faransa ta hana ɗalibai mata ɗaura hijabi a makarantun gwamnati tun 2004, ta ƙara da hana abaya a 2023, alhali a Ingila babu irin wannan dokar. Abin da zan ƙara kawai: kai da ka sauke Alƙur'ani a tsangaya ko Islamiyya kafin ka fita, wataƙila ka tsira. Tambayar tana kan ɗanka da za a haifa can, da jikanka. Su wa zai karantar?

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa ne daga unguwanninmu suke tafiya Landan? Mutanenmu Saudiyya suke tafiya, da Libiya, da Aljeriya. Duk ƙasashen Musulmi. Shi ya sa ba wanda yake ganin akwai abin tambaya. Ka ce wa mutum ya yi tunani, sai ya ce maka: "Haba Malam, ƙasa mai tsarki fa ce, sallah ɗaya a Harami lada dubu ɗari." Falalar gaskiya ce, ba mai musun ta. Sai dai a cikin Muwaɗɗa akwai labarin Abud Darda'i (RA) da ya rubuta wa Salmanul Farisi (RA) yana gayyatarsa ya taho ƙasa mai tsarki ta Sham. Ma'anar amsar Salman ita ce, ba ƙasa ce take tsarkake mutum ba, aikinsa ne.

Na yi shekarun karatuna a can, na zauna da 'yan'uwanmu da ake kira takari a Makka da Jidda, na ci abincinsu, kuma a cikinsu akwai mutanen kirki da ban ga kamarsu ba wajen karamci. Amma ga yadda zaman yake. Baƙo ba ya zama sai da igama, igama kuma a ɗaure take da kafili. An yi gyara a 2021 da ya sauƙaƙa wa ma'aikata sauya wurin aiki, amma gyaran bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma nan ne mafi yawan mutanenmu suke. In kafili ya kai rahoton ka gudu, kana iya zama abin nema. Wanda yake da igama mai kyau ya so ya ajiye iyalinsa, tun 2017 aka sa haraji a kan kowane mutum ɗaya da yake ƙarƙashinsa, an fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu ya buga ya gani. Haihuwa a can kuma ba ta ba ɗanka zama ɗan ƙasa.

Wannan fa mai takarda ke nan. Wanda ya shiga da bizar Umara ya ɓace, nasa ya fi haka. Na ga dattijo da furfurarsa yana haura katanga don an ce ga askarawa. Na ga samari da aka haifa a can, Larabci a bakinsu kamar ruwa, ba su da takardar ko'ina, ba su taɓa shiga aji ba. Ranar da aka kama su aka kai tarhil a Shumaisi, sai a sauke su a Kano, garin da ba su san ko layi ɗaya a cikinsa ba. Shi kuma wanda ya tafi don ladan Harami, sai ya yi watanni bai leƙa ba, don tsoron shingen bincike.

Ta fuskar shari'a akwai abu biyu a nan da ba a son ji. Biza alƙawari ce. Ka karɓe ta a kan za ka yi ibada ka fita, ka shiga da niyyar ba za ka fita ba. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika ƙulle-ƙullen alƙawari, ba ta ware alƙawarin da aka yi da hukuma ba. Sannan Tirmizi ya ruwaito daga Huzaifa (RA) hani ga mumini ya wulaƙanta kansa, aka fassara wulaƙancin da ya jefa kansa cikin bala'in da ba zai iya ɗauka ba. Wanda ya faɗa ciki tun da, ko aka haife shi a ciki, ba tsangwamarsa nake ba, addu'a da taimako yake buƙata. Da mai shirin sayar da gonar gado ya miƙa wa ejan nake magana. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Hanyar hamada kuwa ba sai na tsawaita ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance a jihar Damagaram. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon mutane a Libiya. Wanda ya san wannan ya kama hanyar Agadas ba takarda ba wanda ya sani a can, kada ya kira shi tawakkali.

Yanzu ga inda na fi son mu tsaya, domin shi ne ba ya shiga lissafin kowa: waɗanda za ka bari.

Matarka ba kayan ajiya ba ce. Haƙƙinta bai tsaya kan kuɗin cefane ba. Wanda ya yi rantsuwar ƙaurace wa matarsa, wata huɗu kacal Allah Ya ba shi a aya ta 226 ta Suratul Baƙara. Sayyidina Umar (RA) ya ji wata mata da dare tana kukan kewar mijinta da yake wurin yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon da mace za ta jure, sannan ya iyakance wa mayaƙa kimanin wata shida. Masu jihadi ke nan fa! To ina ga wanda ya yi shekara bakwai yana wankin mota, ba zai iya zuwa ba don in ya fito ba zai koma ba? A mazhabarmu ta Malikiyya macen da miji ya bari ba ci ba sha tana da damar kai ƙara alƙali ya raba auren, haka wadda doguwar ƙaura take cutar da ita ko da ana turo mata kuɗi. Wadda mijinta ya ɓace ba labari, alƙali ya bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Irin waɗannan matan suna zuwa wurinmu limamai, wata da goyon da aka tafi aka bar ta da cikinsa ga shi har ya shiga firamare. In ta yi magana a ce ba ta da haƙuri. In shaiɗan ya rinjaye ta, gari ya ɗauka, ba mai tambayar ina wanda ya jefa ta a ciki.

Iyaye ma haka. Bukhari da Muslim sun ruwaito mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce e, ya mayar da shi gare su ya yi jihadinsa a hidimarsu. In kana da 'yan'uwan da za su tsaya musu, kuma sun yarje maka da zuciya ɗaya, bismillah. In kuwa kai kaɗai ne, tsohuwa ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, kuɗin da ka turo ba zai juya ta a shimfiɗa ba. Sau nawa muke sallar gawa, babban ɗa yana kallo ta waya?

Wani zai ce ai zaman gidan ma ba ya ba ni abin da zan ciyar da su. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce take halatta tafiyar, wani lokaci ma ta wajabta ta, tunda tozarta wanda kake ciyarwa zunubi ne kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawuda. Amma tafiyar da aka yi don ciyarwa tana da alamomi. Ana yin ta da takarda, da aikin da aka sani, da yardar mata, da lokacin dawowa. Ci-ranin iyayenmu haka yake: a gama girbi a tafi, hadari na haɗowa a dawo. Annabi (SAW) ya siffanta tafiya da yankin azaba, ya ce wanda ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Kuma ko zaman ya yi daɗi, baƙo raɓa ne. A 1969 Gana ta kori baƙi marasa takarda, cikinsu har da Hausawan da suka tsufa a can, mu ma muka yi irin ta a 1983. Ɗalibanmu na Khartum sun kwanta lafiya, suka wayi gari ranar 15 ga Afrilun 2023 cikin yaƙi, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar. Duk wanda yake waje ya kamata a ce yana da abin da zai dawo ya tarar, ko fili ne, ko sana'a a hannun amintacce.

Sai 'yan'uwana ɗaliban ilimi, da likitoci da malaman jinya. Namu hukuncin ya ɗan bambanta, domin akwai farali na kifaya a wuyanmu. Aya ta 122 ta Suratut Tauba da ta kwaɗaitar da fita neman fahimtar addini, ita ce ta ɗaura shi da gargaɗin mutane in an komo gare su. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa gajiya da yadda al'amura suka lalace a lokacin jihadi, a 1807 ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar. Da ya iso Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, ya tsaya, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, daga nan ya juya. Ban ce haramun ne likita ya tafi inda za a biya shi haƙƙinsa ba, kuma alhakin farko yana kan shugabannin da suka bar asibitoci suka lalace. Amma in kai kaɗai ne likitan da ƙaramar hukuma guda take gani, ko kai kaɗai ne mai iya raba gado a garinku, tafiyarka ba irin ta kowa ba ce, kuma istihararka sai ta fi ta kowa tsawo.

Masu tambaya game da auren takarda don samun izinin zama, da canza suna ko shekaru a fasfo, wannan babi ne daban, za mu zo kansa a darasi na gaba in Allah Ya yarda.

Wallahu a'alam.