Kulocin Tsohon Babur

Da yawa daga cikinmu, malamai da ɗalibai, kan tsohon babur mu ke zuwa ƙauyuka in lokacin gwajin koyarwa ya yi, wasu Madara, wasu Chinade, wasu har garin Katagum. To, rairayin ƙasarmu ba ya ƙaunar kuloci, don mai tuƙi ya kan riƙe shi rabi da rabi yana ba da wuta don ya fita daga yashi, farantan ciki kuwa suna ta cin juna. Nawa babur Honda CG125 ne, ya kwana biyu, shi zan yi misali da shi.

Cikin kuloci akwai farantai iri biyu, na ƙarfe da masu ɓawo, an jera su ɗaya bayan ɗaya cikin baƙin mai, sifirin na matse su. In ka ja hannun kuloci sai su rabu, ƙarfin inji ya daina kai wa giya. In ka saki su haɗu. Saboda haka ciwonsa biyu ne, ko ya ƙi kamawa, ko ya ƙi saki.

Na farko shi ne sulɓi. Ka murɗa totur, inji ya yi ta kuka, amma gudu bai ƙaru ba, tun ba a hawa ko da goyo ba. Wani lokaci ma kik ya kan tafi salalam bai juya inji ba. Kada ka yi garajen kwance inji. Fara duba waya tukuna. Tilas hannun kuloci ya kasance da ɗan wasa kafin ya soma ja, milimita 10 zuwa 20 a bakinsa, watau kamar rabin inci ko fiye kaɗan. In babu wasan nan, waya na janye da kuloci kullum, sai ka sassauta ta wajen notin da ke gindin hannun. Sa'an nan ka tambayi kanka wane mai aka zuba. Wani man mota yana da maganin santsi wanda farantai ba su so. Tun 1998 masu ƙera babura a Japan suka fitar da alamar JASO MA, ita za ka nema jikin galan. In duk wannan daidai ne, to, farantai sun cinye ko sifirin ya gaji.

Na biyu, ka ja hannu har ƙarshe, amma babur na rarrafe gaba, firi kuma ta yi wuyar samuwa. Nan wasan waya ya yi yawa, ko mai ya tsufa ya yi kauri, ko farantin ƙarfe ya lanƙwashe don zafi. Ɗora shi bisa gilashi, in yana rawa ya tashi aiki. Babur da ya kwana dogon hutu ba a taɓa shi ba, farantansa kan manne. Kashe inji, sa giya, ja hannu, ka yi ta tura shi gaba da baya har su saki.

Taurin hannu kuwa yawanci ƙurar hunturu ce cikin waya, ɗan mai ya ishe ta. Amma in ka ga silinta ya soma tsintsinkewa, canja ta yau, don ba a sayar da ita a dajin Gamawa.

In ta kai ga sa sababbin farantai, tsaya kan bakanike ka ga ya jiƙa su cikin baƙin mai kafin ya jera, ya kuma ɗaure notunan sifirin kaɗan kaɗan, wannan da na daura da shi.