Darasi: Reshe da Rassa

Ku dubi itacen mangwaro ko ɗorawa a gonakin Bomo. Akwai saiwa a cikin ƙasa, akwai gindi, sa'an nan akwai rassa. Ɗaya shi ne reshe. Idan suna da yawa, sai mu ce rassa.

Da Turanci ana ce da reshe branch. Rassa kuwa branches. Kalmar tana da harufa shida: b, r, a, n, c, h. Ku lura, a Turanci c da h idan sun haɗu a nan, sautinsu ɗaya ne da c namu na ciki da cokali. Ana faɗinta kamar biranc.

To, ba itace kaɗai ke da reshe ba. Duk abin da ya tsiro daga wani babba, yana kuwa manne da shi, reshensa ne.

Ga misali. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, ta bi ta Zariya. Daga baya aka fitar da wata daga Zariya, ta wuce Samaru da Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Wannan ta biyu reshe ce.

Ga wani. An kafa gonar binciken aikin gona a Samaru a 1922. A 1962 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Uwar tana Samaru, amma tana da reshe a Kano.

Banki ma haka ne. Idan ka je Sabon Gari, dubi allon da ke ƙofar banki. Za ka ga sunan bankin. Sau da yawa za ka ga Zaria Branch a allon ko a takardarsu, wato reshen Zariya. Kuɗin da ka ajiye a reshe suna hannun uwar banki ne.

Amma fa a yi hankali. Reshen da ba shi da gindi busasshen itace ne. Idan wani ya zo ƙauye ya ce shi wakilin reshen banki ne, ko na kamfani, kada ka yi saurin kwance lalitarka. Tambaye shi sunan uwar. Tambaye shi inda ofishinsu yake. Karɓi rasit, ka karanta da kanka. Wanda ya iya karatu, da wuya reshe ya juye da shi.

Aiki

1. Rubuta reshe da rassa sau biyar biyar.
2. Rubuta branch da branches sau uku uku.
3. Wace shekara hanyar jirgi ta kai Ƙauran Namoda?
4. Faɗi abu uku masu rassa ban da itace.
5. Me za ka tambayi baƙo kafin ka ba shi kuɗinka?