Gasar Ha'inci a Ciniki: Abin da Doka Ta Hana

Gasa a ciniki ba laifi ba ce. In ɗan kasuwa ya rage kuɗin kayansa, ko ya kyautata su har masu saye suka bar maƙwabcinsa suka komo wurinsa, shari'a ba ta da ta cewa, ko da maƙwabcin ya karye. Abin da aka hana shi ne mutum ya ƙwace kasuwar wani ta hanyar yaudara.

An bayyana ma'anar wannan cikin Yarjejeniyar Paris ta 1883, bisa gyare-gyaren da aka yi mata daga baya. Nijeriya ta shiga cikinta a 1963. A nan, gasar ha'inci ita ce duk wadda ta saɓa wa gaskiyar da aka san masu sana'a da 'yan kasuwa da ita. An ambaci iri uku musamman. Na farko, rikitar da masu saye, watau mutum ya kwaikwayi suna ko tambari ko ƙunshin kayan wani, don a zaci nasa na wancan ne. Na biyu, ɓata kayan abokin gasa da ƙarya. Na uku, faɗin abin da ba haka ba game da kayan da mutum ke sayarwa, kamar irinsu, ko yawansu, ko yadda aka yi su.

Ga misalin iri na farko. Wani kamfanin sayar da magani mai suna Niger Chemists yana da kanti a Onica, sai waɗansu suka buɗe nasu a titi ɗaya da shi, suka sa masa suna Nigeria Chemists. A 1961 kotu ta hana su amfani da sunan, domin kusancin sunayen biyu yana iya ruɗin jama'a.

Wanda ya kai irin wannan ƙara, wajibi ne ya tabbatar da abu uku: cewa jama'a sun san kayansa da wannan suna ko alama, cewa aikin wancan yana iya ruɗinsu, kuma ya yi hasara ko yana iya yi. In ya yi nasara, kotu takan dakatar da mai laifin, takan kuma sa shi biyan diyya.

Hanyar da ta fi sauƙi kuwa ita ce rajistar tambari bisa Dokar Alamun Ciniki ta 1965. Rajistar fari takan yi shekara 7, sa'an nan a riƙa sabunta ta kowace shekara 14. Har ila yau, Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta hana tallar ƙarya, da haɗa baki don ƙayyade farashi.

Saboda haka ya kamata kowane mai sana'a ya yi wa alamarsa rajista tun da wuri, ya kuma adana rasidai da takardun da za su nuna ranar da ya fara amfani da ita.