Ciwon Dasashi da Ciwon Zuciya: Darasi a kan Auna Binciken Lura

Gabatarwa

Binciken lura shi ne wanda mai bincike yake zuba wa mutane ido yadda suke, ya rubuta abin da ya gani, ba tare da ya zaɓa wa kowa magani ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda likitan haƙori zai auna irin wannan bincike kafin ya ɗora aikinsa a kansa.

Misali

A shekarar 1989 Mattila da abokan aikinsa a ƙasar Finlan suka kwatanta majinyatan da jijiyar zuciyarsu ta toshe da mutanen da ba ta toshe musu ba. Sai suka tarar haƙoran majinyatan da dasashinsu sun fi lalacewa. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. To, amma me ya tsamar da shi? A nan ne manazarci zai yi tambaya uku.

Ta farko, wanne ya riga wani? Binciken da ya duba baki bayan ciwon zuciya ya auku ba zai iya tabbatar da wannan ba.

Ta biyu, ko akwai wani dalili na uku da yake haifar da cututtukan biyu? Shan taba da ciwon sukari da tsufa duk suna ɓata dasashi, suna kuma raunana zuciya. Masu bincike kan yi lissafi don cire tasirinsu, sai dai lissafi ba ya cire abin da ba a auna ba.

Ta uku, yaya aka zaɓo mutanen, kuma da wane ma'auni aka ce wane yana da ciwon dasashi?

A 2012 Ƙungiyar Masana Zuciya ta Amurka ta tace binciken da aka tara, ta bayyana cewa alaƙar tana nan, amma babu hujjar cewa ciwon dasashi ne sanadi, ko cewa maganinsa yana hana ciwon zuciya.

Kammalawa

Saboda haka wajibi ne likita ya yi maganin dasashi domin ceton haƙori, kada ya yi wa majinyaci alkawarin lafiyar zuciya. Wanda aka yi wa wannan alkawari yana iya sakaci da maganin hawan jininsa, ko ya ci gaba da shan tabarsa. Binciken lura yana nuna inda za a haƙa. Gwajin da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a shi ya fi tabbatar da ko akwai ruwa.