Surukata ta ce kada ba ya taɓa 'yan gari

Anti, aure ne ya kawo ni wani ƙauye a bakin Kogin Kwara, kusa da Yawuri. A kogin muke wanki da ɗibar ruwa. Makon jiya kada ya ja akuyar maƙwabtanmu a mashayar da nake zuwa da yarana. Da na ce ba zan koma ba, surukata ta ce tsoron baƙunta ne, kadojin nan ba sa taɓa 'yan gari. Ba na so a ce na raina ta. Yaya zan yi?

Maman Biyu, Yawuri

'Yata, tsoronki yana kan hanya. Kadan da ya samu akuya a mashaya zai dawo, domin dabba ce mai lura da inda ake zuwa da lokacin da ake zuwa. Yana iya lafewa a ƙarƙashin ruwa fiye da awa guda, kuma a gaɓa yake kamu, inda ruwa bai kai gwiwa ba. Wadda ta durƙusa tana wanki, da yaron da ke wasa a gefenta, girman abin da yake farauta ke nan. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki.

Kar ki yi musu da surukarki. Ta yi shekara da shekaru tana shiga ruwan nan lafiya, shi ya sa take faɗar haka. Ki samu maigidanki ya kai maganar ga Sarkin Ruwa da mai gari, a kafe gefen mashayar da itatuwa masu ƙarfi, a raba ta da wurin shan dabbobi, a kuma hana zubar da hanjin kifi a wurin, don shi ke janyo kadojin.

Kafin nan, ki riƙa jefa guga da igiya daga tudu, ki yi wankin nesa da gaɓa, kar ki juya wa ruwa baya. Ban da asuba, ban da almuru, ban da dare. Da rani kuma ki guji tsibin rairayi, nan macen ke binne ƙwai, tana gadinsa kusan wata uku, kuma ba ta da sauƙi a lokacin.

Yaran kuwa ki bar su gida wurin kakarsu. Ki ce mata, "Inna, ki riƙe mini su in je in dawo." Ba na jin za ta ƙi.