Ciyawar Teku da Maƙoƙo

'Ya'yana, akwai wata ciyawa da ba ta tsirowa a ƙasarmu, amma ga ta nan ta iso mu cikin kwalabe, ana tallarta a waya da sunan maganin rage ƙiba. A gaɓar tekun Atlantika ta arewa take fitowa, wajajen Ailan da Ingila da Faransa, manne da duwatsu. Launinta ruwan ƙasa ne, ganyenta na ɗauke da 'yan ƙululai masu iska da ke ɗaga ta idan ruwa ya cika. Masana na kiranta Fucus vesiculosus.

Mutanen bakin teku sun daɗe suna shafa ta a gaɓoɓi masu ciwo, suna kuma ƙona ta su ba mai kumburin wuya tokarta. Mutanen Sin ma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna maganin maƙoƙo da 'yar uwarta. Sai a 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano sinadarin aidin a tokar ciyawar teku, kuma a 1820 likita Coindet na birnin Janiba ya yi maganin maƙoƙo da shi. Ashe magabatan nan sun dace, don rashin aidin ne ke kumbura wuya a mafi yawan lokuta.

To amma ku saurara da kyau. Abin da babban mutum ke buƙata a rana bai wuce kimanin maikurogiram 150 ba, ɗan mitsitsi ƙwarai. Aidin ɗin da ke cikin ciyawar kuwa ba shi da ma'auni, wannan kwalba ta yi yawa, waccan ta yi kaɗan. In ya yi yawa, sai ya rikita halittar da ke gaban maƙogwaro, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hannu na karkarwa. Ramar da ta zo ta wannan hanya ciwo ce, kada wani ya ruɗe ku. Ga shi kuma ciyawar na zuƙe guba irin su asanik daga gurɓataccen ruwa. Mai juna biyu da mai shayarwa, don Allah kada ku taɓa ta sai likita ya yarda.

Aidin ɗinmu yana cikin gishiri, tunda Najeriya ta wajabta sa shi tun 1993. Ku sayi na leda mai tambari, ku rufe shi, ku nisanta shi da rana da laima. Wanda ya ga wuyansa na kumbura kuwa, ya tafi asibiti a auna jininsa kafin ya sha komai.